Neman shawara: ya ake gane layin da ake zumunci a unguwar masu hali?

Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni da maigidana muna shirin sayen gida a irin unguwannin nan na masu hali da ke bayan gari, kuma duk inda dillali ya kai mu gida kam masha Allah ba abin kushewa, amma layin tsit, katanga doguwa, get a rufe, in ba mai gadi ba ba ka ganin kowa. Ni kuma yarana ƙanana ne, ina son inda za su samu abokan wasa, inda ko cikin dare wani abu ya taso maigida ba ya nan akwai ƙofar da zan iya bugawa. Shi cewa yake in haƙura wai kuɗi da zumunci ba sa zama layi ɗaya. Da gaske haka ne? In ba haka ba ne me ake dubawa kafin a biya?

Wata ƴar uwa:
Wa alaikumussalam. Maigidanki yana da gaskiya rabi. Amma ki daina tambayar sunan unguwa, layi za ki duba, don a unguwa ɗaya sai ki samu layin da kowa ya san sunan yaran kowa, ki sha kwana kuma ki tarar da wanda ko sallama ba a amsawa. Kuma dillalai da rana tsaka suke kai mutum lokacin kowa na wajen aiki yara na makaranta, to me za ki gani? Ku koma ku kaɗai da yamma liƙis, ku sake komawa ranar hutu, ku ajiye mota ku taka da ƙafa. In kin ga keken yara a yashe a ƙofar gida, ko mutum biyu sun tsaya suna hira ba gaggawa, ko wani ya ɗago ya gaishe ku duk da bai san ku ba, wannan layin da rai. Gani ya kori ji.

Wani ɗan uwa:
Hajiya ni tsara birane na karanta, kuma abin nan ba halin mutane ne kaɗai ba, yadda aka yanka titin ma yana da hannu sosai. Akwai binciken da Donald Appleyard ya yi a San Francisco ta Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960, ya kwatanta tituna uku masu kama da juna sai dai yawan motoci ya bambanta. Wanda mota kusan 2,000 ke bi a rana, kowane mutum yana da abokai kamar 3 a layin, wanda kuma mota kusan 16,000 ke bi, a lissafi ko aboki 1 cikakke bai kai ba. Dalilin a fili yake, ba uwar da za ta saki yaro inda mota ke sharara gudu, kuma in yara ba su fita ba iyaye ma ba sa haɗuwa. Don haka ki fi karkata ga layin da ba ya ɓullewa ko wanda ba a yanke hanya ta cikinsa. Ki kuma duba ko akwai wajen da dole a riƙa karo da juna, filin wasa, wurin ibada da ake zuwa a ƙafa, ɗan shago a bakin layi. Inda kowa daga falo sai gareji sai mota, get ya buɗe da rimot ya rufe, wlh sai ku shekara ba ki san fuskar na kusa da ke ba.

Wata uwa:
Ƴata ki tambayi mai gadi da mai shara, su ne suka san gaskiyar layi ba dillali ba, shi ladansa yake nema. Ki ce gida nawa ne masu shi ke kwana a ciki. Da yawan gidajen nan ajiyar kuɗi ne kawai, mai shi yana wata ƙasa, ko kuma ƴan haya ne da ke sauyawa duk shekara, da wa za ki saba?

Wani mamba:
Ni fa bari in ɗan saɓa muku. Wasu kuɗin da suka zuba shirun nan suka saya, sun gaji da a leƙa musu tukunya, kuma ba laifi suka yi ba. Sannan layin da aka shaƙu sosai shi ma da nasa, wanda suka shekara 20 tare ba lallai su buɗe wa baƙuwa ba, ga gulma, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Gara ma sabon wuri inda kowa bai daɗe da tarewa ba, kowa na neman wanda zai sani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Yaya, maganarka ta ƙarshe ta tsaya min, don ɗaya daga cikin gidajen a sabon estet yake, rabi ma ba a tare ba. Sai dai an ce akwai ƙungiyar mazauna da kuɗin da ake biya duk shekara, wannan alamar haɗin kai ce ko kuwa?

Wata ƴar uwa:
Ba lallai ba gsky. Wata ƙungiyar aikinta karɓar kuɗin gadi da kwashe shara da rubuta wa mutum takardar gargaɗi in ya ajiye mota ba daidai ba, shi ke nan. Kafin ku sa hannu ku nemi dokokinsu a rubuce ku karanta, akwai inda ake hana yara wasa a titi ko a ƙayyade baƙi. Ki nemi lambar wata mata da ke zaune a ciki ki tambaye ta mutum nawa ke zuwa mitin, kuma yaushe rabon da su taru a kan abin da ba rigimar kuɗi ba. Ki tambaye ta makarantar da yaran layin suke zuwa ma, in biyu ko uku suna ɗaya da naki to ko a kai yara da ɗaukowa za ku saba.