Waƙoƙina sun kammala, ba ni da kamfani: ta yaya zan kai su fodkas da rediyon intanet?

Mai_Gurmi_Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nake rubuta waƙoƙina, ni nake rerawa, da gurmi da jita, kuma ba na ƙarƙashin kowane kamfani. Waƙoƙi 5 sun fito daga situdiyo, ban sake su ba tukuna. Gidajen FM kun san yadda abin yake, in ba kuɗin fili sai sanayya. An ba ni shawarar in nemi masu fodkas da masu rediyon intanet. Me zan aika musu, kuma wa zan fara nema? Akwai kuɗi a ciki ko suna ne kawai? Sannan ina tsoron in ba da waƙa wani ya wayi gari ya ce tasa ce.

Injiniya_ZooRoad ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka aika wa kowa komai sai ka koma situdiyo ka karɓo waɗannan ga kowace waƙa: fayil ɗin WAV mai 16-bit da 44.1 kHz ko sama da haka, MP3 mai 320 kbps, da zallar kiɗan ba murya. Zallar kiɗan nan masu fodkas suna son sa sosai, don shi suke shimfiɗawa a ƙarƙashin maganarsu.

Kada furodusa ya turo maka ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, ana matse sautin ya lalace. Ya sa maka a filashi, ko ya aiko ta WhatsApp ɗin a matsayin takarda, wato Document. Dalili shi ne tashar intanet za ta sake matse waƙar kafin ta watsa, galibi zuwa 128 kbps ko ƙasa da haka. In fayil ɗin tun farko matsattse ne, matsi na biyu zai sa harafin "s" ya riƙa kaushi, tsirkiyar gurmi ta yi kamar ana kaɗa ta cikin ruwa.

Sai ƙarfin sauti. Situdiyoyinmu da yawa suna tura mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe, har ya fashe, don waƙa ta yi ƙara a lasifikar biki. A intanet wannan ba riba, domin Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), Apple kuma yana ba masu fodkas shawarar -16. Mai ƙara da yawa rage ta za a yi, fashewar kuma tana nan. Ka ce wa mai mastarin ya bar ƙololuwar sauti a -1 dBTP. Kana iya aunawa da kanka da Youlean Loudness Meter, akwai na kyauta.

Tsayi ma matsala ce. Waƙa mai minti 8 da doguwar gaisuwar iyayen gida a ƙarshe ba ta shiga shiri mai minti 30. Ka yanka wata mai minti 3 zuwa 4, murya ta shigo cikin daƙiƙa 15 na farko, kuma kada shiru ya wuce rabin daƙiƙa a farkon fayil. A cire tambarin murya na kowane shafin sauke waƙoƙi.

Na ƙarshe, bayanan cikin fayil. Manhajojin watsawa irin su Icecast da Shoutcast suna nuna wa mai sauraro sunan mawaƙi da na waƙa ne daga abin da aka cike a cikin MP3 ɗin. In babu komai, mutum zai ji waƙar ta burge shi, ya duba ya ga "Track 01", shi ke nan ka rasa shi. Sauke Mp3tag ka cike suna, taken waƙa, shekara, hoto mai 3000 x 3000, da imel a gurbin sharhi. A sunan fayil kada ka sa ƙ, ɗ, ɓ, tsofaffin manhajoji suna mayar da su alamar tambaya. Ka kuma tsayar da rubutun sunanka iri ɗaya a ko'ina, kada yau ya zama kalma biyu gobe ɗaya.

Hajiya_Lauya ta rubuta:

Ƙanena, zan ɗauki tambayarka ta ƙarshe, don a nan ƙarfinka yake ba ka sani ba.

Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin baitoci da kari, na wanda ya tsara. Akwai haƙƙin naɗin sautin, wato wannan fayil ɗin da ya fito daga situdiyo. Rediyon intanet mai bin doka yana biyan lasisin bai-ɗaya ga ƙungiyoyin karɓar haƙƙi, ya sa abin da ya ga dama. Fodkas ba haka yake ba. Tunda sauke shirin ake yi a ajiye, lasisin watsawa bai wadatar ba, sai mai shirin ya sami izinin masu haƙƙin nan biyu kai tsaye. Shi ya sa masu fodkas suke gudun waƙoƙin manyan kamfanoni. Kai kuwa, in duka biyun naka ne, takarda ɗaya daga hannunka ta warware masa komai. Ka faɗa masa haka tun a saƙon farko.

Amma ka tabbatar naka ne ɗin. In furodusa ne ya buga kiɗan, ko wani ya yi maka amshi, ko ka sayi kiɗa a intanet, akwai hannun wani a ciki. Ku rubuta takardar rabon kaso kafin waƙar ta fita: sunan waƙa, wa ya yi me, kashi nawa, sa hannu da kwanan wata, da shaida. 'Yan amshi da makaɗan da ka biya ladansu su sa hannu cewa an sallame su. Rigimar ba ta tasowa sai waƙa ta karɓu, a lokacin kuma kowa yana tuna yarjejeniyar baka yadda ta yi masa daɗi.

A Najeriya haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an naɗi aikin ko an rubuta shi, ba sai an yi rajista ba. Dokar da ake aiki da ita ita ce ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Duk da haka ka shigar da waƙoƙin a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, don ka sami hujjar kwanan wata. Sayar da haƙƙi ko ba mutum ɗaya keɓantaccen izini ba ya inganta sai a rubuce, saboda haka ba wanda zai mallake waƙarka don kawai ka aika masa. Hatsarin yana cikin abin da za ka sa wa hannu.

Izinin da za ka ba mai fodkas ya ƙunshi: sunan waƙa da sunan shirin, cewa izinin ba nasa kaɗai ba ne, a fitowa nawa ta shirin zai sa ta, cewa ba zai sayar ko ya raba fayil ɗin daban ba, ba kuma zai sa ta a talla ba, sannan zai ambaci sunanka da baki ya kuma rubuta adireshin shafinka a bayanin shirin. In takardar da aka turo maka ta ce "har abada" tare da "shi kaɗai", ko ta ba shi damar miƙa wa wani, kada ka sa hannu.

Wasu za su ce ka saki waƙar da lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa izinin amfani da ita kyauta bisa sharuɗɗa, don ta yaɗu. Yana aiki, amma ba a janye shi bayan an bayar. In za ka yi, ka yi da waƙa ɗaya, ka zaɓi nau'in BY-NC wanda ya hana kasuwanci da ita.

Sarkin_Tasha ya rubuta:

Malam Mai Gurmi, abin da ke kashe yawancin saƙonni shi ne ba a saurari shirin ba kafin a aika. Mai shirin hira kan noma ba ya bukatar waƙar soyayya, amma zai yi murna da zallar gurmi na daƙiƙa 20 don buɗe shiri.

Ka yi jerin wurare 30 a takarda, kashi uku. Kashi na farko na gida: fodkas na Hausa da ke Spotify, Audiomack da YouTube, da ƙananan tashoshin da ke kan Zeno.fm, inda 'yan Afirka mazauna waje suke da tashoshi masu yawa. Buɗe Radio Garden, shafin da ke nuna tashoshin rediyo a kan taswirar duniya, ka zagaya Yamai, Maraɗi, Kumasi da Accra, ka ji wa yake sa irin kiɗanka. Kashi na biyu tashoshin da masu zaɓen waƙa suke riƙe da shiri nasu na kansu, irin su NTS a Landan. A irin waɗannan mai shirin ake nema, ba tashar ba, sunansa yana jikin jadawali. Kashi na uku manya, kamar Afropop Worldwide da KEXP ta Seattle a Amurka. Su ka bar su sai ka tara wuraren da aka riga aka sa ka.

Saƙon kada ya wuce layi 8. Ka ambaci wani kashi na shirinsa da ka ji da abin da ya sa kake ganin waƙarka ta dace. Waƙa ɗaya za ka gabatar, ba biyar ba. Ka sa adireshin saurare wanda ba ya neman rajista, da na saukewa a Google Drive ko Dropbox, ka gwada shi a wayar wani don ka tabbatar a buɗe yake. Kada ka liƙa fayil mai nauyi a imel. In mai shirin ba ya jin Hausa, rubuta masa layi biyu kan ma'anar waƙar, yadda ake furta sunanka, da mene ne gurmi, domin abin da zai faɗa wa masu sauraronsa ke nan. Wanda bai san yadda zai kira sunanka ba tsallake ka zai yi.

Fara aikawa mako 4 zuwa 6 kafin ranar fitarwa, wurare 10 a mako. In shiru, tuntuɓa sau ɗaya bayan kwana 10, daga nan ka bar shi sai waƙa ta gaba.

Kada ka raina ƙaramar hanya. Waƙoƙin Mdou Moctar na Nijar a katin waya suka fara yawo hannu zuwa hannu, har kamfanin Sahel Sounds na Portland ya sa ɗaya a wani kundi a 2011, daga baya ya yi wasa a KEXP ya kuma shiga kamfanin Matador. Abin da ya ja hankalin masu nema shi ne sautin bai yi kama da na kowa ba. Saboda haka kada ka binne gurmin a ƙarƙashin kiɗan kwamfuta don ka yi kama da abin da ake yayi.

In aka gayyace ka hira ta intanet: sa abin ji na kunne, rufe ɗaki, nisanci janareta, bakinka ya yi tazarar taƙi ɗaya da makirfo, ka kuma naɗi muryarka a wata waya daban don in sabis ya yanke. In za ka kaɗa kai tsaye ta Zoom, kunna zaɓin sautin asali na mawaƙa, in ba haka ba manhajar za ta ɗauki gurmin a matsayin hayaniya ta riƙa datse shi.

Mai_Gurmi_Zazzau ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da malamai. Saura maganar kuɗi. Kuma in fara sa waƙoƙin a Spotify ne kafin in aika, ko bayan?

Dillalin_Waka ya rubuta:

Ka ɗora kafin ka aika, amma ka sa ranar fitarwa a gaba. Kamfanin rarrabawa, ko DistroKid da TuneCore masu kuɗin shekara, ko CD Baby mai karɓa sau ɗaya ya riƙe kashi 9 cikin 100, shi zai ba kowace waƙa lambar ISRC mai gurbi 12. Da ita ake gane naɗinka a rahoton tashoshi, ka sa ta a bayanan fayil da Injiniya ya faɗa. Kafin ka biya ko sisi, duba ta wace hanya suke turo kuɗi, ka tabbatar tana aiki a ƙasarka. Ta Spotify for Artists kuma, shafin mawaƙa na Spotify, ana gabatar wa masu zaɓen waƙoƙinsu waƙa ɗaya da ba ta fita ba, aƙalla kwana 7 kafin ranar.

Fodkas ba ya biyan kuɗi duk lokacin da aka saurara, sai abin da kuka shirya da mai shirin. In waƙarka za ta zama taken shirinsa na dindindin, kuma yana karɓar talla, nemi kuɗi na shekara-shekara. Rediyon intanet na Amurka yana biya ta SoundExchange, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin naɗi: kashi 50 ga mai naɗin, 45 ga mawaƙin, 5 ga makaɗa da 'yan amshi. Kai kana da gurbi biyu, ka yi rajista a duka biyun, kyauta ne. Za ka cike fom ɗin harajin Amurka W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana cire kashi 30. Ɓangaren baitoci da kari kuwa ƙungiyar gida ce ke bi maka: MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Ghana. Daga ƙananan tashoshi kuɗin kaɗan ne ƙwarai, kada ka ci bashi a kansa. Spotify ma tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba.

Na ɗan saɓa da Sarkin Tasha kan barin manya sai daga baya. In kana da 'yan kuɗi, Groover yana isar da waƙa ga masu shiri a kan Yuro 2 kowane mutum, in bai amsa cikin kwana 7 ba a mayar maka da damar ka aika wa wani. Saurare kake saya, ba alkawarin sawa ba. Wanda ya ce ka biya ya kawo maka saurare dubu goma kuwa, na'ura zai sa, kuma ana sauke waƙa a ci tarar kamfanin rarrabawa saboda haka, shi kuma ya dawo kanka.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne Content ID na YouTube, tsarin da ke gano waƙarka a cikin bidiyon wasu ya yi da'awa a madadinka. In ka kunna shi wajen ɗorawa, duk mai fodkas da ya sa shirinsa a YouTube zai ga an yi da'awa a kan bidiyonsa, ko da kai ka ba shi izini, kuɗin tallarsa ya karkata. Tambayi kamfanin rarrabawarka ko yana barin a keɓe wasu tashoshi, ka karɓi adireshin tashar mai shirin ka shigar kafin ranar da zai saki kashin. In ba ya bari, bar abin a kashe ga waƙar da kake tallatawa. In kuma kiɗan hayarsa ka yi a intanet, wanda wasu ma suka saya, yawancin yarjejeniyoyin sun hana kunna shi gaba ɗaya.

Don ka san wane shiri ne ya kawo maka mutane, ba kowane mai shiri gajeren adireshi nasa daban ta Bitly, ka rubuta ranar da aka sa ka, bayan mako ɗaya ka duba garuruwan da saurare ya ƙaru a Audiomack da Spotify. Wanda ya kawo mutane, shi za ka fara aika wa waƙa ta biyu mako ɗaya kafin kowa.