Me za a koya wa mai bishara kafin a tura shi Nijar ko Chadi?

Dattijon ƙauye: Salama a gare ku. Ikilisiyarmu ƙarama ce a wajen Roni, rabin baikonmu gero ne da dawa. Wani matashinmu da ya gama sakandare, mai mata da ɗa ɗaya, ya ce yana da kira zuwa ƙauyukan talakawa a Nijar ko Chadi. Wane karatu zai yi, kuma ta ina za mu fara?

Malamin Baibul: Baba, sannu da ɗawainiya. Kada ku tura shi da kanku. In ku 'yan ECWA ne, ku bi ta hannun fasto zuwa EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, wadda ke aika masu bishara tun 1948. Makarantar Baibul ce farko: ga Tofa kusa da ku, ga Kagoro, ga JETS, babbar makarantar tauhidi ta ECWA a Jos, in takardunsa sun kai. Sai harshe. A Maraɗi da Damagaram Hausarsa ta ishe shi a kasuwa da gona, amma takardun ofis da Faransanci ake rubuta su. Chadi kuwa sai da Larabcin ƙasar.

Manomi: Malam ya yi gaskiya, amma a haɗa masa da sana'a. Wanda ya je hannu rabbana, shi ma kaya ne a kan mutanen. Ya koyi sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo na ƙungiyar mishan ta SIM ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983: ba a tone kututture, a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, uku zuwa biyar, a sare sauran, a rage rassan ƙasa. Ya koyi tassa don faƙo: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15, a haƙa da rani, a tara ƙasar ta gangare, a zuba taki tafi biyu. Ɗanyen taki na ƙona iri. Kuma in ba a daidaita da mai gari da makiyaya ba, awaki za su cinye tohon.

Uwar zumunta: Ku maza kun manta da matar. Ita ce za ta shiga cikin gida inda mijin ba zai wuce zaure ba, don haka a yi karatun da ita. Ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin in ya yi yawa, cuta ne. Ta iya awon damtsen yaro. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa. Allura da rubuta magani ba nasu ba ne.

Malamin Baibul: Madalla, Mama. Baba, saura fasfo da katin rigakafin shawara, na kowa a gidan. Alkawarin kuɗi kuma ku rubuta shi na shekara, ku tara da kaka, don da bazara rumbu ya yi ƙasa. Ku lissafa da sefa, ba da naira ba.