Shin dashen itacen tik yana korar tsirran daji?

Ɗalibar Ilimin Tsirrai:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. A gandun dajin Nimbia da ke kudancin Jihar Kaduna, inda aka daɗe ana dasa itacen tik (teak, itacen katako), na lura ƙarƙashin bishiyoyin fayau yake, ba komai sai busasshen ganye, alhali dajin da ba a taɓa ba cike yake da ciyayi da ƙananan itatuwa. Shin tik ne ke hana su fitowa, ko kuwa yadda ake kula da wurin?

Tsohon Malamin Daji:
Wa alaikumus salam, 'yata. Duka biyun suna da hannu. Tik baƙo ne a ƙasarmu, asalinsa Indiya, Myanmar (Bama), Tailan da Laos. Ganyensa faffaɗa ne ƙwarai, saboda haka da damina yakan tare hasken rana, ruwan da ke taruwa a kansa kuma ya zubo da nauyi ya zaizaye ƙasa. Da rani sai ya kakkaɓe ganyen gaba ɗaya, ganyen ya taru a ƙasa, idan gobara ta tashi sai ta cinye 'ya'yan maɗaci, kawo da maje da suka fara tsiro, shi kuwa tik yana jure wuta, har kututturensa yakan sake tofo. A ganina gobarar nan ta shekara-shekara ta fi inuwar ɓarna, domin inda ake yin sharar wuta, wato share hanya kewaye da daji don tare gobara, ake kuma rage bishiyoyi a kan lokaci, tsirrai sukan dawo.

Manomi Daga Yankin Jama'a:
Baba, ina tare da kai, sai dai ya kamata a tambayi abin da ke wurin kafin a dasa. Wanda ya dasa tik a gonar da ta gaji ya ƙara wa ƙasa sutura, ya kuma samu katako da falwaya. Amma sare daji mai ɗorawa, kaɗanya da itatuwan magani don a jera iri ɗaya asara ce da mata da masu maganin gargajiya suka fi kowa jin zafinta.

Tsohon Malamin Daji:
Gaskiya ka faɗa. Shi ya sa nake ba da shawarar a bar dajin bakin rafi yadda yake, a kuma cakuɗa tik da itatuwan gida. 'Yata, idan za ki yi ƙidayar tsirran, ki auna filaye masu girma ɗaya a wurin da aka dasa tik da kuma dajin da ba a taɓa ba, da damina da kuma rani.