Sama ta fito fara fat a hotunan bikin 'yar goggona, ku ba ni shawara kafin Juma'a

Ɗan Nima: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni tela ne asali, shagon yayana nake zama a Maamobi cikin Accra, hoto kuwa bara na fara bayan na yi adashi na sayi kyamara ta hannu. Da aka sa ranar bikin 'yar goggona, ita goggon ta ce ba za ta kai kuɗinta waje ba alhali ga ɗanta a gida. Wannan mata ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ita ta biya mini kuɗin koyon ɗinki, don haka ko a mafarki ba zan iya ce mata a'a ba. Ta ba ni sidi 800 na kafin alƙalami. An ɗaura aure a watan Janairu, hazo ya sauka sosai ranar. Bayan ɗaurin aure muka tafi Kanda, gaban Masallacin Ƙasa, saboda amarya ta daɗe tana cewa sai an ga ƙubba da hasumiyoyi a bayanta. Da na dawo na buɗe hotunan, sama fara fat kamar takarda, masallacin ya dusashe, atamfar yayi ta ƙawaye da take kore shar ta koma kamar an wanke ta sau ɗari. Na ƙara kala, sai fuskar amarya ta koma ruwan lemo. Na gwada shuɗanta saman, sai wani farin layi ya kewaye hasumiya da gyalen mata. Ango zai koma Kumasi ranar Juma'a kuma yana son albam ɗin a hannunsa. Me zan yi?

Baba Mai Hoto, Sabon Zongo: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba mu labarin goggo da adashi amma ba ka faɗi abin da ake bukata ba. Da wace manhaja kake aiki, kuma da wane irin fayil kyamara ta ajiye hotunan, RAW ko JPEG? Tun zamanin fim nake wannan sana'a, kuma ga gaskiyar magana. Hoton JPEG mataki 256 kacal yake da shi na haske a kowace kala. In sama ta ƙone ta kai 255, babu komai a wurin, ko ka rage haske toka-toka za ka samu, shuɗi ba zai dawo ba don ba a taɓa ajiye shi ba. RAW kan ajiye dubban matakai, shi ya sa ake iya ceto wani abu daga cikinsa. Sannan ka sani, ranar hazo babu shuɗin da kake nema ko da ido. Ƙurar nan daga Sahara take tasowa, da yawanta daga kwarin Bodele a Chadi, iska ta kwaso ta har bakin teku tsakanin Disamba da Fabrairu. Kyamara abin da ta gani ta ba ka.

Ɗan Nima: JPEG ne Baba. Katina ƙarami ne, kuma biki ne na yini guda, da na sa RAW da ya cika tun kafin azahar. A waya nake gyara, da Snapseed.

Baba Mai Hoto, Sabon Zongo: Ka karɓi sidi 800 ba ka sayi kati na biyu ba? Nan kuskuren yake.

Ɗan Nima: Kuɗin ai ba cinye su na yi ba. Na yi hayar fitila, na biya tasi zuwa Kanda da dawowa, na ajiye na wankin hotuna.

Saurayin Madina: Yaya kada hankalinka ya tashi, canja saman kawai za ka yi. Tun ƙarshen 2020 Photoshop, manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, ya zo da hanyar musanya sama, shi da kansa yake gano inda ta tsaya ya ɗora maka wata, har ya daidaita hasken ƙasa. Minti biyu hoto ɗaya. Ka nemi mai kwamfuta a unguwarku ka zauna da shi dare ɗaya. Duk hotunan aure da kake gani a Instagram da gajimare masu kyau, kana zaton haka Allah Ya yi ranar?

Baba Mai Hoto, Sabon Zongo: Wannan shawara ce ke lalata yara. Shuɗin sama tas yana tafiya da rana mai ƙarfi, rana mai ƙarfi kuma tana jefa inuwa mai kaifi a ƙasa da ƙarƙashin haɓa. Ranar hazo haske a baje yake, inuwa a narke. In ka ɗora saman watan Nuwamba a kan mutanen da ba su da inuwa, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe kyamara ba za ta ji wani abu bai zauna ba. Kuma duk wanda ya je bikin ya san ranar leɓensa ya tsage saboda hunturu. Abin da za ka yi, ɗana: ka bar saman da haskenta, ka ɗan ɗumama ta ta yi ruwan madara, ka yanke hoton yadda za ta ragu. Ƙarfinka ka zuba a kan mutane. A Snapseed ɗin nan akwai wurin da za ka dangwala a kan atamfa kaɗai ka ƙara mata kala ba tare da ka taɓa fuska ba. Fatar mutum, fari ko baƙi, a cikin ruwan lemo kalarta take zaune, shi ya sa da ka ja kala gaba ɗaya amarya ce ta fara ƙonewa. Farin layin kuma alama ce ka matsa da yawa a bakin iyaka. Ka rage rabi.

Hajiya daga Fadama: Ni dai tunda an taɓo fata bari in faɗi nawa. Da aka aurar da 'yata, mai hoton da muka ɗauka ya mayar da ita fara sol, har lallen hannunta ya koma ja kamar jini. Kakarta ta riƙe albam tana tambaya wace ce wannan. Yarinya baƙa kyakkyawa, wa ya ce masa muna jin kunyar kalarta? Na biya kuɗi cif, na ce ya gyara, har yau yana ce mini gobe. Shekara biyu ke nan. Ku masu hoto ku ji tsoron Allah.

Mai Bidiyo na Ashaiman: Hajiya ki yi haƙuri, amma mu ma muna da namu. Amare da kansu suke cewa a ƙara musu haske, in ba ka yi ba su ce ba ka iya aiki ba. Kuma aikin dangi shi ne mafi wahala. Na yi wa ɗan kawuna bidiyon suna, wata bakwai ina bin cikon kuɗina, da na yi magana aka kai ƙarata wurin mahaifina wai na raina zumunci.

Malamin Makaranta: Tambaya nake da ita. In an ɗora saman da ba ta ranar ba, aka ba mutum ba a gaya masa ba, wannan bai shiga algus ba? A ganina ka gaya wa goggo yadda abin yake, in ta yarda a canja, shi ke nan.

Ɗan Nima: Malam ba zan iya zuwa gabanta da wannan magana ba. Ta riga ta gaya wa ƙawayenta cewa ɗanta ne ya ɗauka. Kuma amarya ta turo mini wani hoton masallacin da ta gani, sama shuɗiya da farin gajimare, ta ce irin wannan take so. Ba ni na zaɓi wurin ba, ba ni na zaɓi ƙarfe ɗaya na rana ba, lokacin da aka fito ke nan.

Saurayin Madina: To ka gani? Mai abu ta faɗi abin da take so. Baba, da girmanka, zamani ya wuce nan. In shuɗi mai ƙarfi ne matsala, ya zaɓi sama mai laushi, ya rage mata ƙarfi. Lightroom ma, wata manhajar gyaran hoto, tun 2021 yana iya ware sama ita kaɗai, ga kuma Dehaze da aka yi musamman don hazo.

Baba Mai Hoto, Sabon Zongo: Dehaze a kan JPEG, in ka ja shi sosai, sama za ta yi layi-layi kamar tabarma, kuma a takarda abin ya fi muni. Ina magana ne a kan albam, ba allon waya ba. Waya haske take fitarwa daga baya, takarda kuwa sai abin da fitilar ɗaki ta ba ta, shi ya sa hoto ke fitowa da duhu in an wanke. Ɗana, ka fitar da su a tsarin kala na sRGB, ka kai guda uku a wanke maka gwaji kafin ka biya na duka. Ka turo mini na asali guda ɗaya in gani, amma a matsayin fayil, wato document, kada WhatsApp ya matse shi.

Ɗan Nima: Nan ne wata matsalar. Na tura su daga kwamfutar abokina zuwa wayata ta WhatsApp, shi kuma ya goge nasa don wuri ya cika masa. Katin kuma na share shi ranar Lahadi saboda na samu aikin suna.

Baba Mai Hoto, Sabon Zongo: Inna lillahi. Wannan ce ya kamata ka fara faɗa. Hoton da WhatsApp ya matse ba zai yi babban shafin albam ba, ko da wace sama aka ɗora masa. Cire katin daga kyamara yanzu, kada ka ƙara ɗaukar ko guda. Akwai manhajar PhotoRec, kyauta ce, takan dawo da abin da aka share muddin sabon hoto bai hau kansa ba. Hotuna nawa ka ɗauka a sunan?

Ɗan Nima: Za su kai ɗari uku. Amma a waya na bikin suna da kyau wallahi, ban ga sun lalace ba. Ba zai yiwu a wanke su ƙanana ba?

Mai Bidiyo na Ashaiman: Ka tambayi ƙawayen amarya, wata ƙila ta ɗauka da waya mai kyau.

Hajiya daga Fadama: Ka je ka gaya wa goggonka gaskiya tun yau, ɗana. Ɓoyewar ce ta fi ciwo, ni na sani.

Ɗan Nima: Na gode Hajiya, zan duba. Ɗan'uwa na Madina, kai kana da Photoshop ɗin a kwamfutarka? In na shigo motar haya ta trotro gobe bayan la'asar zan same ka? Guda goma sha biyu ne kawai na gaban masallacin.