Maganar Dattijo A Rubuce: Sakkwatanci Ko Daidaitacciyar Hausa?

Malam Sanusi: Ga ra'ayina, kuma na san za a ja da ni. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna shiga Wurno da Gwadabawa da Tambuwal suna ɗauko tatsuniya da kirari da tarihin baka. Ni ina ganin duk abin da suka ɗauko su rubuta shi da daidaitacciyar Hausa tun farko. Da ita ake koyar da yaro a firamare, da ita zai amsa jarrabawar NECO. Kundin da aka cika da "munka" da "yat tahi" malamai kaɗan ne za su buɗe shi, mutanen da aka ɗauko maganarsu kuwa ba su amfana da komai ba.

Malama Luba: Allah shi gafarta Malam, in aka yi haka an zubar da abin da aka je nema. Tsoho ya ce "zamna", "amre", "abduga", "sabka". Waɗannan su ne tsofaffin siffofi, a Kananci ne baƙin ƙarshen gaɓar ya koma "u" aka samu zauna, aure, auduga, sauka, abin da ake kira dokar Klingenheben. Ɗalibi ya gyara su, ya share shaidar tarihin harshe da hannunsa. Haka nason (wato ninka baƙi) da ke cikin "yaz zo" da "rigab Bello", da "gidanai" a maimakon gidansa, da dirkar "na" da "ta" a maimakon "ne" da "ce". A kirari ma abin ya fi muni: sauya "hwaɗi" zuwa "faɗi" ko "munka" zuwa "muka" yana taɓa amo da nauyin gaɓa, sai kirarin ya gurgunce.

Malam Nasiru: Ba dole sai an zaɓi ɗaya ba. A manhajar ELAN, ta rubuta maganar da aka ɗauka, ana buɗe layi uku a ƙarƙashin muryar: na farko abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, na biyu daidaitacciyar Hausa, na uku bayanin kalmomin da baƙo ba zai gane ba. Littafin yara daga layi na biyu za a ciro shi. Amma na biyu ana gina shi a kan na farko ne, ba a iya komawa daga "zauna" a gano ko tsohon "zamna" ya ce.

Matsalar ma tun wurin ɗauka take farawa. A ɗauka da tsarin WAV da ba ya matse sauti, 44.1 kHz, kada a turo ta saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sautin, sai a zo nazarin sautin a manhajar Praat a tarar an yi asara. Makirufo ya kasance kamar taki ɗaya daga baki. A guji kusa da injin niƙa da janareto, a kuma guji fili lokacin iskar hunturu. Kafin a fara hira a faɗi kwanan wata da gari da shekarun mai magana a cikin faifan, a kwafe shi wuri biyu a daren.

Malam Sanusi: Na ji, Malam Nasiru, amma layi uku aiki uku ne. Hirar minti goma in za a rubuta ta da kyau tana iya cin rabin yini, ɗalibin ajin ƙarshe kuma watanni kaɗan gare shi. Sannan layin farkon da wace ƙa'ida? Sautin da Basakkwace ke yi a "dutse" wani ya rubuta "tc", wani "c'", wani ya bar shi "ts". Kundi goma, rubutu iri goma.

Malama Luba: Wannan gaskiya ce, kuma maganinta takarda ɗaya ce da sashe zai fitar kowa ya bi. A yanke cewa "hw" da "h" za a rubuta yadda aka ji su, baƙin da aka ninka a rubuta shi biyu, a tsayar da alama ɗaya ta "tc". A kula da raba kalma: "shi na" dirka ce, wato shi ne, "shina" kuwa yana ke nan, in aka haɗe su ma'ana ta tafi. Karin sauti da tsawon wasali ba sai an sa wa duk hirar ba, a sa wa misalan da za a yi nazari a kansu kawai. Bargery tun 1934 yana sa alama a kan kalmomin Sakkwato a ƙamusunsa, shi ya sa har yau ake iya gane su. Batun lokaci kuma, gara ɗalibi ya kawo minti ashirin ingantattu da awa uku da aka yi wa kwaskwarima.

Hajiya Asabe: Ku malamai kun tsaya kan takarda, ni damuwata mai tambayar. In ɗalibi ya yi tambaya da Hausar rediyo, dattijo zai bi shi, sai a dawo da Sakkwatancin da aka wanke. A samu ɗan garin ya ja hirar, ɗalibi ya riƙe na'ura ya yi shiru. Mata na cikin gida kuwa sai mace, kuma tatsuniya da waƙoƙin daka a wurinsu suke. A fara da gaida hakimi ko maigari, a nemi izinin mai magana da baki a cikin faifan, a gaya mata ko za a sa a rediyo, domin akwai wadda za ta yarda a rubuta amma ba ta yarda a ji muryarta a waje ba.

Abin da Malam Sanusi ya faɗa na amfanin jama'a kuma kada a wuce shi. A mayar wa gidan da muryar a katin waya, makarantar garin a ba ta 'yan shafuka, Sakkwatanci a dama, daidaitacciya a hagu.

Malam Sanusi: In shafi biyun za su isa makarantar garin, Hajiya, na sassauta. Amma a sa shi cikin sharuɗɗan karɓar kundi, mai duba aiki ya ga shaidar an mayar kafin ya sa hannu. In an bar shi ga ganin damar ɗalibi, ranar da ya kare kundinsa ba zai sake komawa Wurno ba.