Za ku yarda ƙasarku ta miƙa wani ɓangare na ikonta ga tarayyar ƙasashe?

DanMakaranta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ke ta min yawo a kai tun da muka yi musu da abokina kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Mutanen nan fa sun shiga a 1973, a 1975 aka yi ƙuri'ar raba gardama kusan kashi 67 suka ce a zauna, sai ga shi a 2016 kashi 51.9 sun ce a fita, har aka fita ɗin a Janairun 2020. Abokina ya ce wauta suka yi, ni kuma na kasa cewa wauta ce don ina jin in da ni ne zuciyata ba za ta so a ce wata kotu ko majalisa a wata ƙasa ce za ta yanke min dokar da zan bi ba. To amma kuma na san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don Allah masu sani, me ke sa talakawa ke ƙin wannan abu alhali shugabanni na so? Kuma ku da kanku za ku yarda?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai ba Birtaniya kaɗai ba ce, in ka bi tarihin za ka ga sau da yawa in aka tambayi jama'a kai tsaye sai an sha wuya. Norway sau biyu ta ƙi shiga, 1972 da 1994. Denmak ta ƙi yarjejeniyar Maastricht, wadda ta kafa Tarayyar Turai, a 1992 sai da aka cire mata wasu sharuɗɗa sannan ta amince a 1993, kuma a 2000 ta ƙi kuɗin yuro, Sweden ma ta ƙi shi a 2003. Wanda ya fi ban mamaki shi ne 2005, Faransa da ke cikin ƙasashe shida da suka kafa abin tun farko ta yi watsi da kundin tsarin mulkin Turai da kusan kashi 55, kwana uku bayan haka Holan ma ta ƙi da fiye da kashi 60.

Abin da na lura da shi, mutane na son kasuwa ɗaya, suna son su tsallaka iyaka ba a tsare su da fasfo ba, amma da an ce tsarin mulki ɗaya ko kuɗi ɗaya sai jikinsu ya yi sanyi. Sannan akwai abin da ya ɓata wa mutane rai sosai, Ayalan ta ce a'a ga yarjejeniyar Nice ta gyaran tsarin tarayyar a 2001 aka sake kawo mata a 2002, ta ce a'a ga ta Lisbon a 2008 aka sake kawowa a 2009. E, an ba su wasu tabbaci kafin zaɓe na biyu, amma talaka abin da ya gani shi ne in ya ce a'a sai a dawo, in ya ce e shi kenan an rufe magana.

Gaskiya_Daci:
Malam Allah ya ƙara ilimi, ni kam ban yarda ba wallahi kuma Girka ce hujjata. A 2015 bankuna a rufe, mutum zai bi dogon layi a bakin ATM tsofaffi da sanduna a hannu, yuro 60 kacal aka yarje masa ya cira a rana daga cikin kuɗinsa na kansa, aka yi ƙuri'a ranar 5 ga Yuli kashi 61 suka ce ba su yarda da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu da masu bin ƙasar bashi suka gindaya ba, ko sati biyu ba a yi ba gwamnatin Firaminista Tsipras ta sa hannu kan sharuɗɗan da ba su fi na baya sauƙi ba. Me ya sa? Don ba su da kuɗin ƙasa na kansu, yuro suke amfani da shi, ba za su iya buga shi ba, ba za su iya karya darajarsa ba, babban bankin Turai yana Frankfurt a Jamus. Shugaban da ka zaɓa in ya cuce ka za ka iya kayar da shi a zaɓe mai zuwa, to wanda ke zaune a Frankfurt fa ta ina za ka kama shi? Wannan ita ce damuwata gaba ɗaya.

Ummu_Hanan:
Yayana Gaskiya_Daci na ji zafin maganarka kuma abin Girka ya taɓa ni ni ma, amma kar mu manta bashin gwamnatocinsu ne suka ciyo shi da ikonsu na kansu. Ni tambayar da nake yi ita ce ƙaramar ƙasa da ke zaune ita kaɗai wane iko ne da ita a zahiri? Tuta da taken ƙasa suna nan, amma in za ta yi ciniki da Amurka ko Sin ai abin da aka yanka mata shi za ta ɗauka. A cikin tarayyar kuwa ƙasa kamar Malta tana da kujera a tebur, kuma a harkar haraji da harkokin waje sai kowa ya amince ake zartarwa, a mafi yawan sauran kuma sai an samu kashi 55 na ƙasashe masu kashi 65 na jama'a. Ku tuna inda abin ya faro, 1951, gawayi da ƙarfe aka sa ƙarƙashin hukuma ɗaya don da su ake ƙera makamai, Faransa da Jamus da suka gwabza a 1870 da 1914 da 1939 ba su sake ɗaga wa juna bindiga ba. Ni wannan kaɗai ya isa in yarda a rage wani abu. Kuma ko a Birtaniyar ai ba baki ɗaya suka yi ba, Sikotland kashi 62 suka ce a zauna.

Ibn_Sahel:
Ni ina ganin ba raba ikon ne mutane ke ƙi ba, da wa za a raba shi ne matsalar. Duba Mali da Burkina Faso da Nijar, sun ce sun fita daga ECOWAS a Janairun 2024 da sunan diyaucin ƙasa, amma a Yulin shekarar suka mayar da ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, ya zama haɗaka, daga baya har da fasfo na bai ɗaya. Wato sun yarda su haɗa kai da wanda suke ganin nasu ne. In babu wannan yardar abin ba ya ƙarko, Masar da Siriya sun haɗe a 1958 suka rabu a 1961 don 'yan Siriya sun ga komai daga Alƙahira ake yanke shi, Senegambiya ma, haɗakar Senegal da Gambiya da aka kafa a 1982, ta watse a 1989.

DanMakaranta:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Aunty Ummu_Hanan kin kusa ja na wallahi, amma maganar yaya Gaskiya_Daci ta "ta ina za ka kama shi" ta tsaya min a rai. Malam ba su da majalisar da jama'a ke zaɓa ne?

Malam_Tarihi:
Suna da ita, tun 1979 ake zaɓenta kai tsaye, kuma sai da amincewarta ake naɗa shugaban Hukumar Turai, tana ma iya sauke hukumar baki ɗaya. Sai dai ba ita ke gabatar da ƙudirin doka ba, hukumar ce ke kawowa. Masu fitowa zaɓen kuma daga kusan kashi 62 a 1979 suka yi ta raguwa har ƙasa da 43 a 2014, sai a 2019 ne suka ɗan haura rabi. Babban bankin kuwa da gangan aka tsara shi yadda ɗan siyasa ba zai ba shi umarni ba, don haka a kan maganar kuɗi ina tare da Gaskiya_Daci, ni ma ba zan sa hannu a ba da shi ba sai na ga wa zan tuhuma in abu ya lalace.