Ina son yin fim a kan abin da ya same mu a Baga, amma jikina ya ƙi

Assalamu alaikum jama'a. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ina da shekara 14 lokacin da Boko Haram suka shigo Baga a watan Janairun 2015. Ni da mahaifiyata muka tsira, mahaifinmu har yau ba labarinsa. Yanzu ina Maiduguri, ina ɗaukar bidiyon biki. Bara na fara rubuta gajeren fim a kan ranar da muka gudu, kuma wallahi tun da na fara, mafarkin da ke tashe ni cikin dare ya ragu. Matsalar ita ce makon jiya, ina haɗa fitowa ta uku a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, na saka ƙarar bindiga. Jikina ya ɗauki rawa, na jiƙe da zufa, kwana biyu ban runtsa ba. Hajiya mahaifiyata ta ce in bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. In ci gaba ko in haƙura?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Sannu ƙanena, Allah ya bayyana Baba. Abin da ya same ka sananne ne ga waɗanda suka ga tashin hankali: ƙwaƙwalwa tana ajiye ƙarar tare da firgicin, da zarar ta sake ji sai jiki ya ɗauka yau ne abin yake faruwa. Rubutu ya yi maka daɗi ne domin kai kake jan linzami, kana jera labarin daga farko zuwa ƙarshe. Akwai ma hanyar magani da aka yi amfani da ita ga 'yan gudun hijirar Sudan a Uganda: a shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a ɗora fure a kan ranakun farin ciki, dutse a kan na baƙin ciki, ya riƙa ba da labarin kowanne a hankali. Amma fa da ƙwararre a gefensa. Ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan titin Baga, ka nemi ganin masanin halayyar ɗan'adam, ka tafi da rubutunka. Zuwa can ba hauka ba ne.

Wani dattijo:
Ɗana, ni dai ina bayan mahaifiyarka. Ita ma ta ga abin da ka gani, har ta fi ka rashi. Ka riƙe addu'ar kwanciya barci, kuma kada ka fitar da komai sai da yardarta.

Wani edita daga Kano:
Malam, wa ya ce dole sai an ji harbi? Shekarata 9 ina wannan sana'a. Nuna takalmi ƙafa ɗaya a kan yashi, tukunya a kan murhu ba kowa a gidan, mai kallo zai gane. In kuma ƙarar ta zama tilas, turo mini in haɗa maka, kai ka tsaya a hoto. Sannan ka kula da yaran da za ka saka a ciki, wataƙila su ma akwai abin da suka gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba, gaskiya ban taɓa karanta wa Hajiya rubutun ba, tsoro nake ji. Anti, ranar Litinin zan je in sha Allah. Malam edita, takalmin nan kamar kana wurin, domin da takalmi ƙafa ɗaya na iso Maiduguri. Duba inbox ɗinka.